A zaunar da Iya ko a bar ta? Nazarin tafiye-tafiyen wata kaka a fadamar Haɗeja

Wannan nazari ya shafi wata tsohuwa da ke zaune a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kirikasamma a Jihar Jigawa, da saɓanin da ya shiga tsakanin 'ya'yanta daga daminar 2022 zuwa Babbar Sallar 2024. Abin da ya raba kansu guda ne: a bar ta ta ci gaba da zirga-zirgar da ta saba tsakanin dangi, ko a zaunar da ita wuri ɗaya ta huta? Auratayya ce ta haɗa ni da gidan, shi ya sa na samu jin ta bakin kowane ɓangare. Ba zan kama sunan kowa ba, har da na garin. Iya ake ce mata, ni ma haka zan kira ta.

Gidan da garin

Iya ba ta da takardar haihuwa, amma lissafinta ba ya ɓata. An kai ta ɗaki a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wato 1972, tana amarya kuma aka bar fam da sule aka shiga naira da kwabo a farkon 1973. Ɗan farinta ya zo a shekarar da aka kashe Murtala, 1976. Duk wanda ya san shekarun da ake aurar da 'yan mata a lokacin zai gane yanzu ta doshi saba'in. Mijinta ya rasu a ƙarshen 2019. Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, fitarta ke da wuya kullen korona ya sake tsare ta, kuma 'ya'yanta sun ce tun da aka buɗe hanya ba ta ƙara yin wata biyu cur a gida ba.

Haihuwarta tara, shida ne a raye. Babban yana Kano, yana harkar riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau. Ƙanensa ne a gida, yana noman shinkafa da gero, da rani ya shiga kamun kifi. Mata huɗu kowacce da inda aure ya kai ta: ɗaya a Nguru, ɗaya a wani ƙauye kusa da Malam Madori, ɗaya a ƙasar Kafin Hausa, autar kuma a cikin garin Haɗeja. Sai ƙanwar Iya, uwa ɗaya uba ɗaya, da ke aure a tsallaken iyaka, bayan Maigatari, cikin ƙasar Damagaram.

Garin yana kan tudu ne, fadama ta kewaye shi ta kusan ko'ina. Babu kwalta, babu lantarki. Akwai firamare, da rijiyar tuƙa-tuƙa, da wani mai shago da ya kafa sola yana cajin waya ana biyansa. Da rani ɗan acaɓa ke ratsa yashi ya fitar da mutum bakin titi, daga nan a tari motar Haɗeja. Idan ruwan kogi ya iso wajen tsakiyar Agusta kuwa, sai kwale-kwale, wani lokaci har cikin Nuwamba. Amalanken shanu na kaya ne da marasa lafiya.

Tsofaffin yankin sun raba zamani gida biyu, kafin madatsun ruwa da bayansu. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka a Jihar Kano, duka kuma a saman ruwan da ke gangarowa Haɗeja. A da ruwa kan zo da ƙarfi ya malale fadama, da rani ya janye ƙasa ta bushe ƙayau. Bayan madatsun sai wasu magudanan suka daina ƙafewa, kuma irin wannan ruwa mai kwanciya shi doguwar ciyawar kachalla ke so. Ta yi ta yaɗuwa har ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar jan-baki da sauro. Ruwan da aka tare wa hanya kuma wata yake nema, shi ya sa wani gari ke kukan ambaliya maƙwabcinsa na kukan ruwa bai iso gonarsa ba. Saboda haka hanyar da Iya ke bi yau ba ita ce ta ƙuruciyarta ba. Ta ce a da tun asuba ake fita a kan jaki zuwa tashar jirgin ƙasa, layin Kano zuwa Nguru da aka buɗe a 1930, wanda ya bi ta Malam Madori. Wasu wuraren da jakin ke takawa yanzu kachalla ce ta fi tsayin mutum.

Idan tana gida, rayuwarta ba ta da wani ruɗani. Sallar asuba, ba wa awaki dusa, koko, sannan ta zauna a inuwa da kaba tana saƙar faifai da tabarma. Tana dafa daddawa, tana zubin adashi ranar kasuwa, kuma ita ce ake kira idan naƙuda ta kama wata da dare kafin ungozoma ta iso.

Abin da ke cikin tafiyar

Yawo babban ɗanta ke kiran abin. Na zauna da jikar da ke yi mata rakiya muka bi tafiyoyin shekarar da ta gabaci ambaliya ɗaya bayan ɗaya, ban samu wadda za a ce ta shan iska ce ba. Haihuwar fari a gida ake yinta, yarinya ta zo goyon ciki. Daga ta biyu kuwa Iya ce ke zuwa, ta yi suna, ta zauna wankan jego har arba'in. Idan yaye ya zo, ita ke zuwa ta ɗauko yaron ya yi wata ɗaya ko biyu a ɗakinta har ya manta da nono. Akwai gaisuwar mutuwa, akwai dubiya, akwai sulhu idan wata ta yi yaji kuma biko ya ƙi ci.

Sai biki, wanda shi ne maza ba su cika ganewa ba. Idan wata ta kawo wa Iya kwano ko turmin atamfa ko kuɗi ranar auren 'yarta, ba kyautar da za a yi godiya a manta ba ce. Ranar da mai kawowa ta tashi nata sha'anin, dole a mayar mata, har da ƙari. Babu littafi, babu shaida. Iya ta riƙe komai da ka, na shekara kusan hamsin: wa ta kawo me, a bikin wa, an rama ko ba a rama ba, wa ta rasu 'yarta ta gaji hulɗar. Kuma ba nata kaɗai take riƙe da shi ba, don 'ya'yanta mata da surukarta ta gida duk a inuwar sunanta suka shiga. Idan sha'ani ya wuce ba a gan ta ba, ba a ga saƙonta ba, babu mai cewa tsohuwa ta gaji. Cewa ake gidan wane sun yanke zumunci, kuma sai ranar da gidan suka tashi aurar da tasu 'yar za su ga abin da hakan ke nufi.

Ba ta taɓa fita hannu rabbana ba. Idan Kano za ta, daga Haɗeja ta Gujungu da Ringim har tashar Yankaba, tana tafe da ƙullin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, bandar kifi, da rabin buhun shinkafa 'yar gida. Ta dawo da sabulu, omo, magi, man shafawa, da jakar tufafin da jikokin birni suka girme wa. Kaɗan ne ke kwana a ɗakinta. Tufafin su tafi Kafin Hausa, sabulun ya bi mai jego, kifin da ya rage ya tafi Malam Madori inda tudu ne ba su da shi, daga can kuma ta ɗauko gero da wake. Babu wanda ya taɓa zama ya tsara wannan, amma gidaje shida suna cin moriyar juna ta hannun mace ɗaya, ba tare da wani ya buɗe baki ya roƙi ɗan'uwansa ba. Wannan na ƙarshen shi ne muhimmi a wurin mutanen da kunya ta fi musu yunwa ciwo.

Labari ma tana ɗauke da shi. Ita ta san yaron da ke neman jikarta ta Nguru asalin gidansu masu sakin mata ne. Ita ta samo wa wani jikan wurin zama a Haɗeja da zai shiga sakandare. Tana wasa da jikokin yadda aka saba, mazan ta ce musu maigida bai ba da cefane ba, matan ta kira su kishiyoyi, kuma a cikin wannan wasan suke gaya mata abin da ba za su iya gaya wa iyayensu ba.

Amma kada a ɗauka tafiyar ba ta da ɓarna. Jikar da ke raka ta, 'yar ɗanta na gida, ita ce ke karanta mata allon mota, ta riƙe waya, ta lissafa canji. Duk arba'in ɗin da Iya ta yi a gidan mai jego, yarinyar ta yi shi ba makaranta. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin asara sai malaminta.

Na biyu ya fi nauyi. Iya ta yi imani da wankan jego na ruwa mai zafi safe da yamma, da kunun kanwa mai kauri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, don kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. 'Yar Iya ta Kafin Hausa, a haihuwarta ta biyar, ta kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, har aka kwashe ta zuwa Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki da babban asibitin garin a ɓangaren haihuwa tun 2008. Ta tashi, an kuma hana ta kanwa. Iya har yau cewa take iska ce ta shige ta don an yi sakaci da wanka.

Daminar 2022 da zaman Kano

Ambaliyar 2022 ta taɓa jihohi da yawa, Jigawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A garin su Iya ruwan ya shigo cikin Satumba. Ɗakinta na ƙasa ya zauna, rumbu ɗaya ya jiƙe, shinkafar da ke gona ta nutse. Mutane suka koma firamare da ke kan tudu. Da hanya ta ɗan samu, babban ɗan ya aiko aka fito da ita a kwale-kwale, ya ɗauke ta zuwa Kano, ya kuma ce ta zo ke nan.

Dalilansa ba na banza ba ne. A makon farko matarsa ta kai ta asibiti saboda kumburin ƙafa da jiri, aka auna aka ce hawan jini ne, kuma ya daɗe. Aka ɗora ta kan magani na kullum. Aka duba idonta aka ga yana ta fara. Cikin wata biyu kumburin ya saɓe, ta yi ƙiba, tana barci a ɗaki mai fanka. Da wani baffansu ya yi masa maganar zumunta a ƙafa take, cewa ya yi, "Na sani, Baffa, amma ƙafar ce ta kumbura."

Matsalar ita ce uwa da ɗan ba sa iya zama su yi magana. Ɗan fari ne. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, idan ya shigo gaishe ta da safe amsawarta ba ta wuce kalma uku. Shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin yarda. Surukar ce ke shan maganar. Wata rana Iya ta ce mata, "Yarinya, ki gaya wa mai gidan nan, ni ba kaza ba ce da za a rufe a akurki a riƙa watsa min tsaba." Surukar ta rasa yadda za ta kai wannan saƙo, ta rage masa kaifi, ya isa kunnensa a matsayin Iya tana kewar gida. Ya sayo mata rediyo.

A wata biyar ɗin nan abubuwa huɗu suka faru a can. Ƙawarta ta fiye da shekara arba'in ta aurar da autarta. Babban ya tura kuɗi ta waya, ƙanensa ya cire a wajen mai POS ya kai, amma babu wanda ya san abin da matar ta kawo a bikin autar Iya, kuma abin da aka kai bai kai rabinsa ba. Matar ba ta ce komai ba, sai dai ta daina aiko da gaisuwa. Sannan facalar Iya ta rasu, aka yi uku aka yi bakwai ba ta je ba. An haɗa ta da 'ya'yan mamaciyar a waya, sai wanda ya hau tudun bayan gari ke samun sabis, magana tana yankewa, kuma a ƙauye ta'aziyyar waya ba ta shiga lissafi ga wanda ke da ƙafa. 'Yar Nguru ta yi yaji, abin da Iya kan kashe a kwana uku ya ja wata biyu, har sai da maganar saki ta taso.

Na huɗun shi ya fi taɓa aljihu. Ruwa ya ci irin shuka. A irin wannan shekara Iya kan je Malam Madori ta kwana biyu, ta dawo da irin gero daga surukan 'yarta, ba a kira shi rance ba, ba a kira shi sadaka ba. Ɗanta na gida ba zai iya zuwa gidan surukan ƙanwarsa da buhu a hannu ba. Sai ya karɓi iri da taki a wajen wani ɗan kasuwa, a kan zai biya da buhunan amfani bayan girbi, a farashin da mai ba da bashin ya yanka. Bashin ya bi shi har damina biyu.

Ana cikin haka canjin kuɗi ya zo. Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ajiyar Iya ta shekaru tana cikin gwangwani a hannun surukarta ta gida, duk tsofaffin kuɗi. Mijin autar ya karɓa ya bi layin banki a Haɗeja ya zuba a asusunsa, amma fitar da sababbi ya gagara. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki, Iya ta riga ta yanke nata hukuncin: kuɗinta sun koma lamba a wayar suruki, kuma ko kuɗin mota ba ta da shi a hannu. Tun daga nan duk abin da ta samu akuya take saya.

Kwana kaɗan kafin azumi, wanda aka fara a 23 ga Maris, ta ɗaure kayanta ta ajiye a bakin ƙofa, ta zauna a kai. Ba ta ce uffan ba. Da azahar aka kai ta tasha.

Mai ya tashi, iyaka ta rufe

Da ta koma, ta ɗauki wata biyu tana gyaran ɓarna: ta je ta durƙusa wa ƙawarta da turmin atamfa da tunkiya, ta yi ta'aziyyar facalarta, ta kwana huɗu a Nguru. Sai 29 ga Mayu ta zo, aka janye tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A ƙauye abin ya fi haka, don ɗan acaɓa ba a gidan mai yake sha ba, wajen 'yan bumburutu yake saya a galan. Ɗan guntun yashin da ke tsakanin garin da titi ya zama shi ne mafi tsada a duk tafiyar idan aka auna da nisansa. Faifai da daddawa suka daina biyan kuɗin mota, Iya ta fara jiran sai an aiko mata, wanda ke aikowa kuma shi ne wanda ba ya son ta fita.

A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar, aka rufe iyaka. A cikin wannan damina mijin ƙanwarta ya rasu. Mutane suna tsallakawa ta daji a kan babur, Iya ta ce ita ma za ta bi. Babban ya hana, kuma a nan ina ganin shi ke da gaskiya: tsohuwa mai hawan jini, a bayan babur, a hanyar da ake gudun jami'ai. Sai bayan an buɗe iyakar a Maris 2024 ta bi ta Gumel da Maigatari ta isa, ƙanwar ta daɗe da fita takaba.

Zaman Babbar Sallah

Ƙanen mijinta ne ya tara su a Babbar Sallar 2024, da yake kowa ya zo gida. Shi ya zama bakin Iya. Tana zaune a bayan zana, idan an faɗi abin da bai yi mata ba ta yi gyaran murya, ya leƙa ya ji, ya dawo ya faɗa.

Autar ta kawo shawarar Iya ta riƙa zama a wurinta a Haɗeja, ga asibiti kusa, ga tasha. Aka ji gyaran murya. Gidan suruki ne, kwana biyu ya halatta, wata biyu abin kunya ne. Gidan ɗanta kuwa gidanta ne, ba zaman Kano take ƙi ba, zaman da babu ranar komawa take ƙi. Da wannan ya fito fili, sauran ya zo da sauƙi. Aka tsayar cewa za ta riƙa tafiya Kano a farkon Agusta kafin ruwa ya rufe hanya, ta dawo idan ya janye, lokacin da dama ba a cika bukukuwa ba sai an yi girbi. Ba za ta ƙara shiga kwale-kwale da dare ko ranar kasuwa ba, lokacin da masu fito ke cika shi da mutane da buhuna da babura. Maimakon ta je ta dawo ta sake fita, za ta yi zagaye ɗaya babba bayan girbi, Haɗeja, Malam Madori, Nguru, ta biya yashin garin sau ɗaya. Kowane ɗa zai riƙa ba da abin da ya sawwaƙa na kuɗin mota, autar ta riƙe. Duk wucewa ta Haɗeja za a auna jininta, a ba ta maganin wata biyu. Jikar da ke raka ta kuma ta koma aji, wata bazawara 'yar ɗan'uwan marigayi ta karɓi rakiya.

Abu ɗaya ta ƙi ƙememe. Babban ya ce a samu littafi a rubuta lissafin bikin nan, kowa ya san abin da ake bin gidan da abin da gidan ke bi. Ta ce alheri ba a rubuta shi, ranar da wata ta ji an sa sunanta a takarda da adadin abin da ta kawo, ranar hulɗar ta mutu. Abin da ta yarda da shi shi ne ta riƙa tafiya da surukarta ta gida bukukuwan kusa, a san fuskarta, ita ma ta san na mutane.

Abin da na gani

A ganina babban ɗan ya yi daidai a kan lafiyarta, ya yi kuskure a kan aikinta. Ya ga tsohuwa a bayan acaɓa da ƙullin kuka, bai ga cewa irin shukar ƙanensa da auren ƙanwarsa suna cikin ƙullin ba, don abin da take yi ba shi da suna a cikin sana'o'i kuma ba a biyanta. 'Yan'uwansa mata su ma ba su fita ba. Sun fi kowa cewa a bar Iya ta yi zumunci, alhali su ne ke samun mai wankan jego da mai yaye kyauta, kuma babu wadda ta taɓa tambaya ko ta sha maganinta, balle ajin da 'yar ɗan'uwansu ke bari. Shekara biyu aka yi ana ja-in-ja a kan birni ko ƙauye, alhali da an tambaye ta ta bakin wanda take iya yi wa magana, da tun a watan farko an ji cewa ranar komawa kawai take nema.

Tsarin ya yi aiki rabi da rabi. A 2024 ta tafi Kano a kan lokaci. Tana shirin dawowa tankar mai ta fashe a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, a tsakiyar Oktoba, mutum fiye da 150 suka rasu, a kan titin da take bi. Babban ya riƙe ta ƙarin mako uku, sai da baffan ya kira shi. Kuɗin motar da aka ce kowa ya kawo, mutum uku ne ke kawowa. Zuwa Damagaram ya fita daga zagayen saboda tsada, yanzu sai dai saƙon murya da jikoki ke tura wa juna a WhatsApp su kunna wa tsofaffin. Maganar kanwa tana nan inda take: 'yar Kafin Hausa ba ta sha, sauran ukun suna sha idan Iya ta dama.

Bazawarar da ke rakiya ta yi aure bayan ƙaramar sallar 2025. Surukar gida tana da goyo, ba za ta iya zagayen Nguru ba. Yarinyar tana shirin jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, ubanta ya ce ba zai hana uwarsa 'yar rakiya ba, baffanta na Kano ya ce idan aka sake cire ta daga aji zai ɗauke ta ta koma wurinsa. Iya ta ce ita ba ta ce a ba ta kowa ba, ta san hanya.